Rayuwar Mata a Filayen Zinaren Biktoriya ta Ostareliya, 1851 zuwa 1860

Tambaya: Wata ɗaliba mai nazarin tarihi ta ce, "Duk labarin rububin zinare na zamanin mulkin mallaka da na karanta, maza ake ambata. Shin akwai mata a wuraren haƙar kuwa? In akwai, da me suke rayuwa, kuma zinaren ya amfane su?"

Amsa: Akwai su, Malama, kuma ba 'yan tsiraru ba. Rububin zinare ya faru a wurare da yawa, amma bari mu tsaya a yankin Biktoriya na Ostareliya, domin can ne takardun ƙidaya, na kotu da na jaridu suka fi yawa. Ranar 1 ga Yuli 1851 Turawan Ingila suka raba Biktoriya da New South Wales ta zama yanki mai gwamnanta. Kafin shekarar ta ƙare an ga zinare a Clunes, Buninyong, Ballarat, Mount Alexander da Bendigo. Mutanen yankin wajen 77,000 ne a 1851, amma zuwa 1861 sun kai wajen 540,000. A ƙidayar 1854 kusan maza biyu ne ga mace ɗaya, a ta 1861 kuwa kusan maza uku ga mata biyu. Watannin farko filayen haƙar kusan na maza ne zalla, amma zuwa 1854 mata da yara a Ballarat kaɗai dubbai ne.

Abin da takardun suke nunawa shi ne ramin zinare caca ne, wani ya dace, goma su tashi a tutar babu. Abin da ke sa tukunya a wuta kullum a cikin tanti sau da yawa aikin hannun mace ne. Sai dai a idon doka, kuɗin da ta samu na mijinta ne.

Matan da rububin ya fara taɓawa ma ba su je filin ba. A watan Oktoba 1851 Gwamna La Trobe ya rubuta wa Landan cewa a wasu unguwannin Melbourne da Geelong, manyan garuruwan yankin, maza sun watse, har mata maƙwabta sun ajiye saɓaninsu sun haɗu a gida ɗaya don tsaron kansu. Miji ya tafi da alkawarin wata uku, wani ya dawo, wani ya mutu a rami ba wanda ya san sunansa na gaskiya, wani kuma ya bi sabon rububi ya canza suna. Akwai dokar 1840 da ta ba matar da aka yasar damar kai ƙara a tilasta wa miji ciyarwa, amma sai an kamo shi tukuna, kuma mutumin da ke kwana a tanti, yau nan gobe can, ba shi da adireshin da sammaci zai same shi. Matar tana nan, ba aure ba saki. Ga hayar ɗaki ta yi tashin gwauron zabo, har gwamnati ta ware fili a kudancin kogin Yarra inda sababbin zuwa ke kafa tanti suna biyan sule 5 a mako. (Fam da sulen nan irin waɗanda aka yi amfani da su a Nijeriya ne kafin naira: sule 20 fam ɗaya.)

Budurwar da ta iso ita kaɗai kuwa kasuwarta ta buɗe. Gwamnati na biyan kuɗin jirgin 'yan mata daga Ingila, Sukotlan da Ayalan don su yi aikatau, albashin 'yar aiki a Melbourne ya fi na Ingila nesa ba kusa ba, kuma iyayen gida sun yi ta ƙorafi a jaridu cewa ba ta wata nawa sai ta yi aure ta tafi. Amma tafiyar tekun ta wata uku ko fiye ba wasa ba ce. Jirgin Ticonderoga da ya iso a Nuwamba 1852 da fasinjoji kusan 800 ya zubar da gawa wajen 100 a teku saboda zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa, wasu kuma suka ƙarasa a wurin killacewa a bakin gaɓa.

Daga Melbourne zuwa Ballarat wajen kilomita 115 ne, zuwa Bendigo wajen 150. Kaya a keken shanu, mutane a ƙasa, kwana huɗu zuwa mako, in damina ce fiye da haka. A sanyin 1852 hanyar ta lalace har kuɗin dakon tan ɗaya zuwa Bendigo ya haura fam 100, shi ya sa fulawa, sukari da gishiri suka yi tsada a filin, naman tunkiya kuwa ya fi komai araha don garkunan suna kusa. Caroline Chisholm, wadda ta daɗe tana fafutukar haɗa iyalan masu ƙaura zuwa Ostareliya, ta zaga filayen a 1854 ta ga yadda mata da yara ke kwana a fili, ta matsa wa gwamnati har aka gina rumfunan kwana masu arha a kan hanyar Castlemaine, garin haƙa na yankin Mount Alexander, a 1855.

Gidan da matar ke isa tanti ne na zanen akoko ko tamfol, ɗaki ɗaya, ƙasa ba daɓe. Wanda ya ɗan zauna yakan gina murhu da bututun hayaƙi na laka ko na gungume a gefe ɗaya, ya yi wa tantin rufi na biyu a sama don rage zafi da yoyo, ya haƙa 'yar lambatu kewaye da shi don kada ruwan sama ya bi ta ƙarƙashi. Gado sanduna ne huɗu masu baki biyu a kafe, a shimfiɗa buhu a kai. Abinci kusan kala ɗaya ne safe da dare: naman tunkiya, shayi, da gurasar fulawa da ruwa da gishiri wadda ake binnewa a toka mai zafi ko a gasa a tukunyar ƙarfe mai murfi da garwashi sama da ƙasa. Ganye da madara sun yi wuya a shekarun farko. Nama kuwa a lokacin zafi ba ya kwana, ƙudaje kan yi masa ƙwai cikin sa'o'i, sai dai a rataye shi cikin jakar yadi ko a yi masa gishiri. Gobara na cikin abin da ke kashe mata musamman: doguwar riga mai faɗi, buɗaɗɗen murhu, bango na yadi, kyandir a gefe.

Amma abin da ya fi komai wahalar da mace a filin zinare ruwa ne, kuma a nan ya kamata mai nazari ya daɗe. Wankin zinare da ruwa ake yi, don haka duk rafin da ke kusa cikin makonni kaɗan yakan koma kunun laka. Dubban mutane na zaune a gefensa ba masai na kirki, mahauta na zubar da kayan ciki a nan, tsofaffin ramuka sun zama juji. Ruwan sha ko dai a saya guga-guga daga masu dako, ko a ɗebo daga tsohon rami a bar shi ya kwanta. Kwanciyar laka ba ta kashe ƙwayar cuta, kuma a lokacin ba a san ƙwayar cutar ba ma, ana ɗora laifin a kan wari da gurɓatacciyar iska. Manya sun ɗan tsira ba da saninsu ba, saboda shayi suke sha, shayi kuwa sai an tafasa. Yaron da aka yaye shi ne a tsaka mai wuya: an cire shi daga nono, an koma ba shi gurasa jiƙaƙƙiya da ruwan da ba a tafasa ba, sai gudawa, sai atuni, cikin kwana biyu ko uku jiki ya bushe. Uwar da ta tsawaita shayarwa har zafi ya wuce ta fi samun ɗanta ya rayu. A Pennyweight Flat kusa da Castlemaine akwai maƙabarta a kan tudun duwatsu inda aka binne mutum wajen 200 tsakanin 1852 da 1857, da yawansu ƙananan yara. An zaɓi wurin ne don ba zinaren kirki a ƙarƙashinsa, wato ba wanda zai tone shi. Ban da wannan ga zazzaɓin taifot, ga ciwon ido da ƙura da ƙudaje ke yaɗawa, ga ramuka a buɗe ko'ina, cike da ruwa, inda yaro mai tatata kan faɗa.

Haihuwa a cikin tantin ake yi, da ungozoma in an samu, in ba a samu ba maƙwabciya. Likita akwai, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin mahaƙa, kuma zuwansa ba tabbacin lafiya ba ne, tunda wanke hannu tsakanin majiyyaci da mai naƙuda bai zama al'ada ba tukuna. Zubar jini da zazzaɓin bayan haihuwa su ne manyan masu kisa. Asibitin haihuwa na Melbourne sai 1856 aka buɗe shi, kuma ina matar Bendigo ina Melbourne ranar naƙuda? Biktoriya ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati a Yuli 1853, kuma takardun nan suna cikin mafi amfani ga mai bincike, don takardar mutuwa takan nuna sanadi, ta haihuwa kuma takan lissafa 'ya'yan da uwar ta haifa a baya, rayayyu da matattu.

To, sun yi haƙar da kansu? Sun yi, musamman a shekarun farko da zinaren ke kusa da sama. Hasali ma gano zinaren Bendigo a ƙarshen 1851 ana yawan danganta shi ga mata biyu, Margaret Kennedy da Julia Farrell, matan ma'aikatan wata gonar tumaki, ko da yake wasu ma sun yi iƙirarin su ne na farko. Aikin da aka fi ganin mace a kai shi ne akwatin rairaya. Akwati ne na katako mai tsawon kamar mita ɗaya, a kan ƙafafu masu lanƙwasa yadda zai yi lilo kamar gadon jariri. A samansa akwai tire mai gindin ƙarfe da aka huhhuda, ƙarƙashin tiren akwai kyalle a karkace, a ƙasan akwatin kuma an kafa 'yan sanduna a gicciye. Ana zuba ƙasa a tiren, hannu ɗaya na kwara ruwa da moɗa, ɗayan na girgiza akwatin. Tsakuwa ta tsaya a sama a duba a zubar, yashi ya bi ruwa ya fita, zinare kuwa, da yake ya fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuma bai kai sau 3 ba, sai ya maƙale a kyallen da bayan sandunan. Abin da ya taru a kwashe a ƙarasa shi a faranti. Aikin na son natsuwa fiye da ƙarfi. Ruwa ya yi yawa, garin zinaren ya bi shi ya tafi. Ya yi kaɗan, yashi ya cushe bayan sandunan zinaren ya zame ta kai. In ƙasar yumɓu ce kuma ba a fara dama ta a baho ta narke ba, sai ta dunƙule, dunƙulen ya kwashi zinaren ya fice da shi. Mai zane S. T. Gill, wanda ya zaga filayen a 1852, ya zana mace a bakin irin wannan akwati da jariri a hannunta.

Akwai kuma dalilin kuɗi. Kowane namiji mai haƙa sai ya sayi lasisin sule 30 a wata, ko ya samu ko bai samu ba (an rage shi zuwa fam 1 a ƙarshen 1853 bayan boren mahaƙan Bendigo), amma ba a neman lasisin a hannun mata. Ke nan miji da mata ma'aikata biyu ne a kan lasisi ɗaya, kuma abin da suka samu ba a raba shi da abokin tarayya. Wannan damar ta ragu da zinaren sama ya ƙare. A Ballarat zuwa 1854 ana bin tsofaffin hanyoyin ruwa da ke binne ƙafa 100 ko fiye a ƙasa, aikin ƙungiyar maza ne na wata shida ko fiye, da katakon tokare rami da kwalfar ruwa dare da rana, kuma ana iya kaiwa ƙasa a tarar an kauce wa jijiyar. Duk tsawon watannin nan ba ko ƙwayar zinare da ke shigowa. Wa ke ciyar da gidan?

Nan sana'ar mata ta shigo. Wanki da guga, ɗinki, dafa abinci ga gwagware a biya a mako, kiwon akuya da kaji don sayar da madara da ƙwai, unguwar zoma, koyar da yara a tanti, riƙe kanti. Martha Clendinning, matar wani likita da ya zo Ballarat neman zinare, ta buɗe kanti a tanti tare da 'yar'uwarta, ta kuma bar rubutaccen labarin yadda cinikin ya gudana. Mai kanti na sayen zinare a hannun mahaƙa ƙasa da farashin Melbourne, tana kuma ba da bashi, kuma bashin ne ke karya kanti: labarin sabon fili ya zo da dare, kafin hantsi rabin masu bashin sun naɗe tantinsu.

Sana'ar da ta fi kawo kuɗi, ta kuma fi haɗari, ita ce sayar da giya a ɓoye. A shekarun farko gwamnati ta hana sayar da barasa a filayen, sai tantunan "shayi da lemo" suka yawaita, da yawansu a hannun mata. Wadda aka kama tarar fam 50 ce, a ƙwace kaya, wani lokaci a ƙone tantin, kuma da yake ana ba mai tsegumi da ɗan sanda kaso daga tarar, abin ya zama hanyar cin hanci: mai biya a ƙyale ta, marar biya a kama ta. Fanny Finch misali ce da ta cancanci a san ta. Haifaffiyar Landan ce mai jinin Afirka, ta rabu da mijinta, tana riƙe da 'ya'ya huɗu da gidan abinci da masauki a yankin Castlemaine. An ci ta tarar giya a 1855. A Janairu 1856 kuma ta je ta jefa ƙuri'a a zaɓen hukumar gari, tana kafa hujja da cewa dokar ta ce masu biyan harajin gida, ba ta ce maza ba. Jami'an zaɓen suka soke ƙuri'ar a ranar. Karuwanci ma akwai, kuma a takardun kotu ba kasafai ake kiransa da sunansa ba. Dokar zaman banza ta 1852 ake amfani da ita, a ce mace ba ta da sananniyar hanyar samun abinci. Mai karanta waɗannan takardu ya yi hattara, domin da wannan tuhumar ake kama matar da miji ya gudu ya bari, da mashayiya, da marar wurin kwana.

Game da ko zinaren ya amfane su, sai a duba doka. A dokar Ingila da Biktoriya ta gada, mace in ta yi aure dukiyarta da abin da take samu sun koma hannun miji. Mijin da ya ɓace shekara uku yana iya dawowa ya kwashe cinikin kantin da ta gina, kuma masu binsa bashi suna iya kama kayanta. Dokar da ta ba matar aure damar mallakar dukiyarta sai 1870 aka yi ta a Biktoriya. Kotun saki sai 1861, kuma ko a nan namiji zina kawai zai tabbatar, mace kuwa sai ta haɗa da wani laifin kamar azabtarwa. Don haka wadda ta fi cin moriyar filin zinare ita ce gwauruwa ko wadda mijinta ya rasu, sai kuma wadda ta yi dace da miji mai tsayawa wuri ɗaya. Labarin angwayen da ke zaga titunan Melbourne a keken doki da amare cikin siliki gaskiya ne, amma an fi ba da shi ne don ya fi daɗin ji.

Rikicin Eureka, wato boren da mahaƙan Ballarat suka yi wa gwamnati, ma da hannun mata a ciki. Da Gwamna Hotham ya tsananta farautar marasa lasisi a 1854, Ellen Young na rubuta waƙoƙi da wasiƙun suka a jaridu da sunanta, Sarah Hanmer mai gidan wasan Adelphi na tara wa mahaƙa kuɗi. Da asubahin Lahadi 3 ga Disamba 1854 sojoji da 'yan sanda suka afka wa shingen katakon da mahaƙan suka kafa a filin Eureka, aka kashe mahaƙa fiye da 20 da sojoji kaɗan. Littafin ajiyar wani matashi, Charles Evans, ya ambaci gawar mace cikin waɗanda aka binne. Da aka kama Henry Seekamp mai jaridar Ballarat Times, matarsa Clara ce ta ci gaba da fitar da ita. Tutar shingen kuwa, labarin da aka gada ya ce mata ne suka ɗinka ta.

Duk wannan labarin waɗanda suka zo daga waje ne. Ƙasar da aka tone ta mutanen Wadawurrung ce a Ballarat, ta Dja Dja Wurrung a Bendigo da Castlemaine, wato 'yan asalin ƙasar. Tun kafin zinare, tumakin Turawa sun cinye murnong, wata saiwa mai kama da ƙaramar doya wadda mata ke tonowa da sanda, ita ce kuma jigon abincinsu. Zinare ya zo ya ƙarasa rafuka da itatuwa. Matansu sun shiga cinikin da ya samu: suna ɗinka barguna na fatun wata dabbar bishiya da mahaƙa ke rububin saya saboda sanyi, suna sayar da kwanduna da kifi, suna aiki a gonakin tumakin da ma'aikata suka gudu suka bari, wasu kuma suna tsintar zinaren da kansu. Tare da haka sun sha fyaɗe, cututtuka da giya, kuma daga 1860 hukumar da aka kafa da sunan kare su ta fara tattara su a keɓaɓɓun matsugunai. 'Yan Sin kuwa kusan ba su zo da mata ba sam: ƙidayar 1861 ta nuna maza fiye da 24,000 da mata 8. Matansu na can kudancin Sin suna riƙe da gona da surukai, suna jiran aike. Wasu daga cikin mazan sun auri Turawa, kuma matan da suka aure su sun sha tsangwama a jaridu da kan titi.

Bayan Eureka, a 1855 aka soke lasisin wata-wata aka kawo takardar haƙƙin mahaƙi ta fam 1 a shekara. Ban da izinin haƙa, takardar na ba mai ita damar zama a ɗan fili na gwamnati ya gina gida ya yi lambu. Wannan ne ya fitar da iyalai da yawa daga tanti zuwa gidan katako mai tankin ruwan sama, kuma mata ma suna iya yankar ta. Saboda haka in kika ga sunan mace a rajistar waɗannan takardu a Bendigo ko Ballarat na shekarun da suka biyo baya, kada ki yi saurin cewa mahaƙiya ce. Sau da yawa wadda mijinta ya rasu ce, take sabunta takardar kowace shekara don kada filin da gidanta ke kai ya fita daga hannunta.